Yadda Kawu Ya Kai Firij Makaranta

Kwana goma sha ɗaya da dawowata gida Kawu ya yanke shawarar zama malamin Sifaniyanci.

Ni shekara shida na yi a waje ina tsinkar tumatir a gonakin da ake rufewa da leda, a ƙasar da ko kare za a kora da Sifaniyanci ake korarsa. Na dawo da jaka ɗaya da ciwon baya, na sauka a gidan Kawu, ƙanen mahaifiyata. Zaman ɗaki ya gagare ni. Kullum da safe sai in bi shi shagonsa na gyaran firij, in zauna a benci ina kaɗa ƙafa, ina kallon titi kamar mai jiran mota.

Shagon ɗaki ɗaya ne, firij tara a jere, babu mai sanyi ko ɗaya. Bango ɗaya ne ya raba shi da shagon mai aski, mutumin da ya yi shekaru yana kwaɗayin abu biyu a duniya: ya fasa bangon nan ya faɗaɗa shagonsa, ya kuma aske gashin bakin Kawu. Gashin baki ne na gaske, murɗaɗɗe, kowane gefe ya yi ƙugiya ya kalli sama. Kawu ya ce haka Sifaniyawan asali suke barin nasu. Ya kuma hana kowa kiransa mai firij. Sinyo ya raɗa wa kansa, wato "malam" da Sifaniyanci.

Asalin Sifaniyancin nasa kowa a layin ya ji labarin har ya gaji. Shekara ashirin da suka wuce wani injiniya Basifaniye ya zo haɗa ɗakin sanyi a wani kamfanin kifi, Kawu ya yi masa riƙon tsani wata huɗu. Mutumin ya koya masa yadda ake furta haruffansu, da zai tafi ya bar masa wani ɗan littafi mai shafi goma sha huɗu. Kawu ya haddace shi tas. Abin da mutumin bai koya masa ba shi ne ma'ana, wannan kuwa Kawu ya cike gurbin da kansa.

Ranar da na sauka ya rungume ni a ƙofar gida ya kwararo mini Sifaniyanci, furucin ba laifi. Abin da ya ce shi ne: muna godiya da kuka zaɓi wannan kaya namu, muna fatan zai yi muku aiki shekaru masu yawa. Na ce amin.

To, ranar Litinin mai aski ya leƙo da wata takarda da ya ɓare daga jikin bango, yana murmushin da ban yarda da shi ba.

"Sinyo, naka ya samu. Makarantar nan ta ƙarshen titi tana neman malamin Sifaniyanci."

"Karanta," in ji Kawu, yana kwance ƙarƙashin wani firij.

Mai aski ya gyara murya. "Ayyukansa: tsara darasi kowane mako, koyar da aji huɗu, duba aikin gida, shirya jarrabawa, amfani da kayan koyarwa, ganawa da iyaye."

Kawu ya zamo ya fito. "Ganawa da iyaye? Wace uwa ce a unguwar nan ba ta zo ta yi mini ihu a kan firij ba? Na gana da su duka. Ci gaba."

"Sharuɗɗa: gogewar shekara biyu."

"Ni da ke da ashirin? Sai dai su ɗauke ni sau goma."

"Takardar shaida. Sai darasin gwaji a gaban kwamiti ranar Alhamis da safe."

Kawu ya miƙe ya ciro wani firam daga ƙusa, ya hure ƙurarsa. Takarda ce mai hatimin ruwan zinare, wadda injiniyan ya sa wa hannu. Na karɓa na duba. Garantin ɗakin sanyin ne na shekara ɗaya, ya ƙare shekara goma sha tara da suka wuce.

Na rage murya na ce, "Kawu, wannan garanti ne fa. Littafin nan ma na bayanin yadda ake amfani da firij ne."

Ya dube ni cikin tausayi. "Ɗan nan, naka Sifaniyancin na gona ne. Shekara shida da tumatir kake hira. Nawa na littafi ne."

"To hoton firij ɗin da ke bangon littafin fa?"

"Misali ne. Manyan marubuta da misali suke magana."

Mai aski ya sosa ƙeya kamar abin yanzu ya faɗo masa. "Ni damuwata shagon nan. Malami guda da sukudireba a aljihu, ai yara sai su raina ka. Mai ginin nan kuma ya daɗe da ce mini ranar da ka tashi shagon nawa ne."

Kawu ya zaro makulli ya cilla masa. "Ranar Alhamis da azahar ka fasa bangonka. Kafin nan ina da ofis."

"Tela!" Mai aski ya ƙwala wa na tsallaken titi kira. "Zo ka shaida!"

Tela ya zo da tef a wuya, ya shaida.

Da muka koma gida Inna, matar Kawu, tana shanya. Ta saurari labarin har ƙarshe da jiƙaƙƙiyar riga a hannu.

"Shagon da muke ci da shi?"

"Wanda muka ci da shi. Yanzu matar malami ce ke."

"An ba ka aikin?"

"Wa za a ba?"

Ta juyo gare ni. "Kai da ka zauna a can, ka ji yana jin yaren nan?"

Na ce, "Yana furta shi da kyau, Inna."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Kawu ya murɗa gashin baki ya jefa mata wata jimla mai daɗin sauti, ya ce waƙar soyayya ce. Cewa ya yi kada a sa abinci mai zafi a ciki sai ya huce. Inna ta matse rigar nan kamar wuyan wani take matsewa.

Talata da Laraba aka yi atisaye. Kawu ya juya wani mataccen firij ya mai da bayansa allo, ya zaunar da tela da mai aski a benci. Ya yi kiran rajista, mutum biyu, ya rubuta mai aski a cikin 'yan makara duk da shi ya fara zuwa. Ya ba tela aikin gida, tela bai yi ba, Kawu ya ce ya zo da mahaifinsa. Tela ya ce tsohon ya yi shekara sha biyar da rasuwa. Kawu ya ce to ya zo da wani babba. Masu wucewa suka fara tsayawa. Kafin yammacin Laraba duk layin ya san Sinyo zai je kwamiti, har mai faci ya ce zai rufe rumfa ya raka shi.

Saura kayan koyarwa. Kawu ya zaga firij taran nan ya dafa mafi girma, mai ƙofa biyu.

"Kawu, wannan na Hajiya mai ƙanƙara ne. Wata uku kana ce mata kwampiresonsa, injin sanyin, yana hanya."

"Jiya na sa masa sabo, na cika gas. Zan koya musu sanyi, su gani da ido, su taɓa da hannu. Haka ake koyarwa a ƙasashen da suka ci gaba."

Ranar Alhamis da sassafe aka aro kurar turawa. Kawu ya sa kwat ɗin aurensa, wadda maɓallinta ba ya haɗuwa da raminsa sai ya riƙe numfashi. Firij a tsaye ya ƙi zama a kan kura, sai layi yake kamar maye. Kawu ya ce a kwantar.

"Kawu, shafi na uku ya ce kada a kwantar."

"Shafi na uku nasiha ce ga matafiya. Tura."

Na tura. Kawu a gaba da firam a hammata, ni a baya da kura, bayana tela, mai faci, matan layi biyar da duk wanda ba shi da aikin yi. Mai aski ne kawai bai biyo mu ba, ya ce yana jiran magini. A kwanar farko taya ta faɗa kwata, ƙofar firij ta buɗe, takalman Kawu na aiki da filaya da wata tsohuwar rediyo suka zubo, ashe nan yake ajiyarsu. A kwana ta biyu wata mata ta leƙo ta taga ta ce wa ya rasu. A bakin makaranta maigadi ya tare mu da sanda.

"Ba mu kira mai gyara ba."

"Malami ne," in ji tela.

"Wanne daga ciki? Mai kwat ɗin ko na kwancen?"

Ajin kuma a sama yake. Mutum shida muka hau da firij ɗin, a tsakiyar bene ya juye ƙafafu sama, muka ƙarasa da shi a haka saboda babu wurin juyawa. Muka dire shi gaban allo muna haki. 'Yan rakiya suka cika tagogi.

Ɗalibai talatin suka miƙe suka gaishe mu. A bayan aji ga kwamiti, mutum uku a tebur. A tsakiya shugabar makaranta da biro ja. A damanta wata tsohuwar likita mai tabarau, wadda aka ce da Sifaniyanci ta yi karatun likitancinta gaba ɗaya. A hagu kuwa wakiliyar iyaye.

Hajiya mai ƙanƙara.

Ta dubi firij, ta dubi lotsawar da ke ƙofarsa ta ƙasa, ta miƙe a hankali.

"Firij ɗina ne wannan."

Kawu ko gezau. "Hajiya, an ɗaukaka shi. Ya shiga makaranta."

"Ka ce mini kayansa suna kan teku!"

"Sun sauka."

Shugaba ta buga tebur da biro ta ce a zauna, a kawo takardar shaida. Kawu ya miƙa firam da hannu biyu. Ta juya shi sama da ƙasa, ta tura wa likita. Likita ta karanta, ta cire tabarau ta goge, ta mayar ta sake karantawa. Sai na ga kafaɗunta suna motsi.

Can ta ɗago ta gaishe shi da Sifaniyanci mai laushi, ta tambaye shi sunansa da inda ya yi karatu.

Kawu ya ɗan rusuna ya amsa cikin ladabi cewa kada a bar yara su yi wasa a cikinsa.

Likita ta lumshe ido. Ta tambaye shi shekara nawa ya yi yana koyarwa.

Ya ce a cire filogi kafin a wanke.

"Me yake cewa?" in ji shugaba.

"Ranki ya daɗe," in ji likita, tana danne dariya, "a bar shi ya yi darasin. Don Allah a bar shi."

Kawu ya waigo ya kashe mini ido, wato ka ga ta ji na littafi.

Gaskiya ɗaya zan faɗa: ya iya tsayuwar malamai. Ya ɗauki alli ya rubuta jimlar shafi na uku a allo, layi biyu, rubutu kamar na inji, ko ɗigo bai ɓata ba. Ya ce wa yara wannan nasiha ce da Sifaniyawa ke yi wa ɗansu in zai yi tafiya, ya yi haƙuri, kada ya yi gaggawa. Ya karanta, suka maimaita. Ya ce ba su ci abinci ba ne? Suka ɗaga murya. Ya raba su gida biyu, maza layin farko, mata layi na biyu. Na tagogi ma suka kama. Har mai faci na ji yana bi.

"Yanzu," in ji Kawu, "kalmar sanyi. Ba zan faɗa muku ba, za ku ji ta a jikinku. Ku ci gaba da karatu!"

Ya warware waya ya nufi soket.

"Kawu, kada!" na ce daga bakin ƙofa.

"A fitar da ɗan gona," ya ce, ya cusa filogi.

Yara talatin suna rera jimlar nan da ƙarfi, firij ya yi gurnani. Ya yi tari biyu. Sai ya kama kakkarwa, yana matsowa gaba kaɗan-kaɗan a kan siminti kamar zai je ya gaida kwamiti. 'Yan layin gaba suka ɗage ƙafafu. Kawu ya dafa shi ya ce murna yake. Wani abu ya ce fau a bayansa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, fankokin aji suka tsaya, na ajin kusa ma haka, can ƙasa wani malami ya yi ihu cewa kwamfutoci sun mutu. Daga baya aka gano Kawu ya daɗe da cire fis ɗin filogin ya ɗaure wurin da waya, don a ganinsa fis ragon abu ne, da an taɓa shi sai ya ƙone.

Yara suka yi waje ta ƙofa, na tagogi suka yi ciki don su gani da kyau, aka cakuɗe. Maigadi ya hauro a guje da bokiti cike da ruwa. Nan Kawu ya ware hannuwa ya tare firij, ya kurma ihu da Sifaniyanci, abin da ya fara zuwa bakinsa. Shafi na biyar ne: kada a zuba masa ruwa. A shekara ashirin wannan ne karo na farko da maganarsa ta faɗa inda ya dace, kuma daga ni sai likita muka sani. Maigadi dai ya riga ya saki hannu. Kawu ne ya sha bokitin duka, ƙugiyoyin gashin baki suka sauko suka rungume haɓa.

Da hayaƙi ya lafa likita ta taso tana share hawaye, ta tsaya gaban allo.

"Malam, wa ya koya maka furuci?"

"Wani injiniya."

"Ya iya koyarwa. Ka san abin da ka rubuta nan?"

"Nasiha ce ga..."

"Nasiha ce, wallahi." Ta bi layin da yatsa, ta karanta da Hausa yadda kowa zai ji. "Kada a kwantar da firij yayin ɗaukarsa. Idan ya zama dole an kwantar, a bar shi a tsaye awa huɗu kafin a sa masa wuta."

Ruwa yana ta ɗiga daga kwat ɗin Kawu.

Hajiya mai ƙanƙara ce ta fara magana, a hankali. "Ƙofarsa ce kawai ba ta rufuwa. A kwance ka ɗauko shi daga gidana. Ina tsaye kana isa shago ka jona."

"Nawa ma," in ji tela daga taga. "A kwance."

"Namu ma!"

"Na surukata ma, ya ce tsufa ne!"

"Ni cewa ya yi aljanu ne a wayar gidanmu!"

Shugaba ta rufe biro. "Malam, a sharuɗɗanmu mun manta ba mu rubuta cewa malamin ya san abin da yake faɗa ba. Laifinmu ne, za mu gyara. Ka sauke firij ɗin mutane."

"A tsaye!" in ji tagogi gaba ɗaya.

Kawu ya buɗe baki zai yi bayani, sai aka jiyo kiran azahar. Na ga abin ya faɗo masa a fuska. Ya yar da alli ya ce, "Bangona!" Ya zura a guje, kwat tana feshin ruwa, rabin unguwa a bayansa.

Mun tarar da magini tsaye da guduma a kafaɗa, mai aski yana zagaye. A cikin shagon Kawu, a jikin bangon daidai inda aka zana da gawayi za a fasa, Inna ce zaune a kujerar roba tana gyaran farce. Tun safe take wurin.

Ta dubi mijinta daga sama har ƙasa. "Malam, an tashi daga makaranta?"

"Wutarsu ba ta kai ƙarfin darasina ba."

"Haka na ji. Tun daga nan muka ga hayaƙin ilimi." Ta nuna mai aski da haɓa. "Na riga na gama magana da shi. Abu biyu yake so a duniya, na ce ɗaya zai samu. Ya ce ka zaɓa."

Mai aski ya ɗaga makulli a hannun dama, reza a hannun hagu.

Kawu ya dafe leɓensa na sama. "Shekara ashirin ina renonsa."

"Shekara talatin ina renonka," in ji Inna. "Zauna."

Ya dubi firij takwas da suka rage, ya dubi gudumar magini, ya dube ni kamar zan fassara masa wata mafita. Sannan ya je ya zauna a kujerar aski. Mai aski ya fito da ita har bakin titi don a samu haske, in ji shi. Ya yafa masa ƙyalle, ya yi bisimilla. Ya aske gefe ɗaya, ya ce zai je ya sha ruwa, ya yi kusan rabin awa bai dawo ba. Babu wanda ya matsa daga wurin.

Washegari Kawu ya buɗe shago da makullinsa da leɓe fari fat kamar na jariri. Hajiya mai ƙanƙara ta sa an kai firij ɗinta wani wuri, a tsaye, tana biye da shi da lema. Tela ne ya fara yin ƙarfin hali ya sake kawo nasa. Kawu ya dire shi, ya rubuta lokaci da alli a jikin ƙofa, ya hana kowa taɓawa har awa huɗu ta cika. Ya jona. Kafin la'asar ruwa ya daskare.

Yanzu wata biyu ke nan, a cikin firij takwas ɗin nan biyar sun koma gidajensu suna aiki. An sake fentin allon shago, a ƙasa an ƙara layi: ana jin Sifaniyanci. Ni har yanzu ina kan bencin ina kaɗa ƙafa, sai dai na samu aiki, don duk safiya Kawu kan miƙo mini littafin ya ce in faɗa masa yadda 'yan gona suke fassara shafi kaza, yana so ya ji inda suke kuskure. Mun kai shafi na tara.

Jiya wani baƙo ya kawo firij, ya tambayi dalilin jiran awa huɗu.

"Sirri ne na Sifaniyawa," in ji Kawu. "Sai wanda ya yi karatun littafi. Ni har makaranta na koyar da shi, ka tambayi kowa a layin nan."

Ya kai hannu zai murɗa gashin baki, ya damƙi iska.